Ba-ki-shan-mai

Da rana ni ɗan kabu-kabu ne,
daga Mabera zuwa Gawon Nama,
in juyo Runjin Sambo da mai buhun albasa,
rana na gasa mani ƙeya kamar tsire.
Bayan isha'i kuwa, shagon Marwanu,
in janareto ya yarda ya tashi,
sai in koma ɗan mitsitsi,
ban kai ƙwarar gero ba.

Can ciki ciyawa ta ɗara giginya tsawo,
ɗigon raɓa randa ne,
murfin kwalba rumfar kwana.
Dare tara ina sayyada,
ni da ko shagon mai shayi ban zuwa a ƙasa.
Gizo-gizo ya kashe ni sau bakwai.
Na ƙirga.

Marwanu ya ce, "Tahi ka sato ƙwai."
"Ƙwan mi?"
"Na tururuwa, can ƙuryar rami,
inda sojojinsu ka gadi."

Na shiga da wutar kara a hannu,
na sungumo shi, fari sol, ga nauyi.
Mai kaza a aljihu bai jimirin as,
balle mai ƙwai bisa kai.
Na sheƙa, suna biye,
babban yatsana na zamewa bisa madanni don zufa.

Na gina mai ɗaki da ganye da laka,
na zauna jira.
Ɗari biyu sa'a guda,
na biya na sa'a uku ina kallon ƙwai.
Yaran shago sunka sa mani ungozoma.

Sai ga ta, ja wur,
ƙafa shida, 'yan ƙahonni na rawa.
Na ɗinka sirdi da ɓawon buzuzu
da zaren gizon nan da ya saba kashe ni.
Na ɗora ƙafa.
Ba kiki, ba kuloci, ba faci,
ba layin gidan mai.
Nan take na raɗa mata suna:
Ba-ki-shan-mai.

Ta ɗauko mani gungumen ciyawa shida-shida,
munka yi katanga, munka yi bene.
In na yi fito, ko tana bayan tudu ta zo.
Ni da ka ɗaukar mutane wuni zubur,
ranar na san daɗin a ɗauke ka
ba a tambaye ka canji ba.

Daren Laraba, bakin kududdufi,
kunama ta fito daga ƙarƙashin dutse.
Harbi ɗaya na faɗo,
jinina saura ƙiris.
Ban danna komi ba, wallahi,
ita ta shiga tsakani,
ta kafa baki ga ƙafar kunama,
ƙarin ya ɗaga sama,
sai janareto ya yi tari biyu
ya mutu.

Duhu.
Wani ya kunna fitilar waya.
Marwanu ya girgiza jarka: "Sai gobe."

Na turo babur har gida,
shi ma nashi ya ƙare.

Da safe, bakin ƙofarmu,
ga su layi guda daga gindin rumbu,
kowace da ƙwarar da ta fi ta girma.
Inna Kulu ta fito da kwalbar fiya-fiya.
Na ce, "Inna, dakata."
Ta dube ni sama da ƙasa:
"Yaushe anka naɗa ka lauyansu?
Geron ubanka suka kwasa."

Ban da amsa.
Na dai ɗaga tayar gaba na tsallake su,
na ɗaga ta baya,
babur ba mai, ga nauyi, ga Inna na tsaki.

Ɗari biyun farko da na samu yau
na raba ta da sauran,
tana aljihun ƙirji.
Ban sani ba ko tana raye.
Rana ta ƙi faɗuwa.